Idon karenmu yana lalacewa, amma ina jin nauyin barin likitanmu

Assalamu alaikum. Ni matar aure ce a Kaduna. Muna da ɗan ƙaramin kare mai yawan gashi, irin wanda ake kira Lhasa, shekara shida ke nan yana hannunmu tun yana kwikwiyo. A tsakar gida yake kwana, shi ke sanar da mu in an taɓa ƙofa da dare, yara kuma sun shaƙu da shi. Wata huɗu ke nan idanunsa suna tara kwantsa mai kauri, kullum da safe sai na jiƙa auduga na goge kafin ya iya buɗe su. Likitan da ke duba shi abokin maigidana ne tun suna makaranta, har gida yake zuwa, sau da yawa ko sisi ba ya karɓa. Da farko ya ba mu man ido na kashe ƙwayoyin cuta, sai a samu sauƙi na 'yan kwanaki abin ya dawo. Daga baya ya ce bushewar ido ce, a sayi ɗigon jiƙa ido a riƙa sa masa safe da yamma, sauran sai haƙuri, wai girma ya fara kama shi. Bai yi wani gwaji ba. Makon jiya wata maƙwabciya ta ba ni wani ɗigo daga kemis, jan idon ya ragu sosai, amma yau kwana uku ke nan ya ƙi buɗe idon dama, sai goga shi yake da ƙafa, na kuma ga wani duhu-duhu ya fara rufe ƙwayar. Ko yana da amfani a sani, kafin ciwon ya fara ya yi zawo, aka ba shi Septrin wajen mako biyu. Ina so in kai shi wurin wani likita, maigida ya ce cin fuska ne ga abokinsa, kuma kare ne, kada in mayar da shi ɗan mutum. Ina mafita?

Uwargida, daga Kaduna

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Bari in fara da abin da ba ya jira, daga baya mu dawo kan abokin maigida. Ɗigon nan da maƙwabciya ta ba ki, ki ajiye shi daga yau, kada ya sake shiga idon. Ɗauko kwalbar ki duba jikinta. Da yawa daga cikin ɗigon kemis da ke kawar da jan ido cikin kwana biyu suna ɗauke da sitirod, irin su deksametason ko betametason. Suna kwantar da kumburi, shi ya sa kika ga kamar an dace. Amma in akwai miki a fuskar ƙwayar ido, sitirod yana hana shi warkewa, yana kuma ba ƙwayoyin cuta damar cin wurin har ya yi rami. Karen da ya kwana uku da ido a runtse yana kai masa ƙafa, ciwo yake ji, kuma abu na farko da za a zarga shi ne miki. Busasshen ido bai da abin kare kansa, mikinsa kan yi zurfi cikin 'yan kwanaki, wani lokaci har idon ya fashe. Saboda haka ina so wani likita ya ga idon daman nan gobe, in ta yi tsawo jibi, ko ma wane ne likitan. Kada ki zubar da kwalbar, ki tafi da ita a gani. Maƙwabciyarki alheri ta nufa, ba sai kin yi mata ƙorafi ba.

Yanzu ga abin da nake jin yana faruwa, gwargwadon bayaninki. Idon kare lafiyayye kullum a jiƙe yake da wani siririn hawaye wanda ya haɗa ruwa da maiƙo da ɗan yauƙi. Shi ke wanke ƙura, shi ke ciyar da tantanin da ke gaban baƙin ido, shi ke kashe ƙwayoyin cuta. Ruwan yana fitowa daga maɓuɓɓuga biyu, babba a saman ido, ƙarama kuma a jikin fatar ido ta uku da karnuka ke da ita a kusurwar da ke kusa da hanci. In ruwan ya yi ƙaranci sai yauƙin ya zauna shi kaɗai, ya yi kauri, ya zama wannan kwantsar da kike gogewa kowace safiya. Ƙwayoyin cuta su samu wurin zama, man da aka ba ki ya kashe su, ki ga sauƙi, a daina shafawa su dawo. Kamar mai kwashe ruwa ne a ɗakin da kwanonsa ke yoyo, ba a hau sama an toshe ba. Duhun da kika gani kuwa ƙoƙarin ido ne na kare kansa daga gogayya: sai ya shimfiɗa ƙananan jijiyoyin jini da launin ƙasa-ƙasa a kan tantanin da ya kamata ya kasance garau. In aka bar shi ya rufe tsakiya, gani ya tafi. Likitoci suna kiran ciwon KCS a taƙaice.

Kin ga ke nan akwai alamar Dokta ya canka daidai da ya ce bushewar ido ce. Inda ban bi shi ba shi ne maganar girma da haƙuri. Lhasa ɗan shekara shida bai tsufa ba, irinsu kan kai shekara 12 zuwa 15. Kuma Lhasa yana cikin jinsunan da aka san wannan ciwon yana yawan kamawa, tare da Shih Tzu da Pug da Cocker Spaniel da Bulldog, galibi a tsakiyar rayuwarsu. A mafi yawan karnuka, garkuwar jiki ce ke juyowa ta riƙa cin maɓuɓɓugar hawayen, kuma wannan yana da magani. Abin da ya sa nake matsa miki shi ne maganin yana aiki ne a kan abin da ya rage na maɓuɓɓugar. Karen da aka fara wa magani da sauran ɗan hawaye ya fi samun sauƙi nesa ba kusa ba a kan wanda aka bari sai da ta ƙafe ƙaf. Wata huɗu ya riga ya wuce, kada a ƙara wani a kai.

Kin yi kyan kai da kika ambaci Septrin. Yana cikin dangin magungunan salfa, kuma an daɗe da sanin cewa salfa na iya lalata maɓuɓɓugar hawaye a jikin kare, musamman masu ƙaramin jiki. Wani kan warke in an daina da wuri, wani kuma abin ya zauna. Ba zan ce shi ne musabbabi ba, amma duk likitan da zai duba shi dole ya ji wannan labarin, kuma daga yanzu kada a sake ba karen nan wani maganin salfa. Akwai wasu abubuwan da za a tambaye ki, gara ki yi tunaninsu tun a gida. An yi masa rigakafin distempa, wata cutar karnuka mai yaɗuwa, ko ya taɓa yin ta? Cutar tana busar da ido. An taɓa yanke masa wani jan nama da ya ɓullo a kusurwar ido? Wannan naman shi ne ƙaramar maɓuɓɓugar, kusan kashi ɗaya cikin uku na hawayen daga nan yake fitowa. Yana yawan shan ruwa da fitsari, ko ya yi ƙiba da kasala gashi yana zuba? Ciwon suga da matsalar maƙoƙo suna tafiya da bushewar ido. Ki kuma leƙa hancinsa: in kafar hanci ɗaya ta bushe ta yi ɓawo a gefen idon da ya fi ciwo, ko yana fama da ciwon kunne a wannan gefen, to wataƙila jijiya ce ta samu matsala, kuma maganin wannan daban ne.

Duk wannan ba a rarrabe shi da kallo. Akwai gwaji biyu, masu sauƙi, waɗanda ya kamata a ce an yi tun watan farko. Na ɗaya shi ne gwajin Schirmer, sunan likitan ido Bajamushe da ya fito da shi a 1903. Wata 'yar siririyar takarda ce mai layukan awo, a lanƙwasa bakinta a saƙala a cikin fatar ido ta ƙasa, a ƙirga minti ɗaya, a cire a ga inda jiƙar ta kai. Kare lafiyayye yana jiƙa milimita 15 ko fiye. Tsakanin 10 da 15 abin zargi ne, ƙasa da 10 bushewar ido ce, ƙasa da 5 kuma ta yi tsanani. Na biyu wani rini ne da ake kira fuloresin, a ɗiga a ido a haska, in akwai miki sai wurin ya kama launin kore shar. Duka biyun ba sa cin minti goma. Su nake so ki riƙe a bakinki duk inda kika je: a auna hawayen kowane ido, a faɗa miki lambar, a kuma duba ko akwai miki. In likita ya ga mikin ya yi zurfi, zai iya jinkirta awon a wannan idon, hakan daidai ne.

To, mu zo kan Dokta. Ban ga alamar mugunta ko rashin kula a abin da kika faɗa ba. Mutumin da ke tako ƙafa har gida ya ƙi karɓar kuɗi, ya cancanci a kiyaye masa mutunci. Sai dai ki sani yawancin likitocin dabbobi a Arewa aikinsu na yau da kullum shanu ne da tumaki da awaki da kaji. Mai wannan aikin zai iya shekara bai buƙaci takardar awon hawaye ba, don haka ba za ta kasance a jakarsa ba. Duba na alfarma kuma yana da nasa rauni: a tsaye ake yinsa a tsakar gida, ba kati, ba rubutu, ba ranar dawowa, ke kuma kunya ba za ta bar ki ki yi tambaya ta biyu ba tunda ba ki biya ba. Ina kyautata zaton da ya ce sai haƙuri, yana tausaya wa aljihun abokinsa ne, domin ya san maganin gaskiyar yana da tsada. Amma wannan hukunci ne da ku ya kamata ku yanke bayan an faɗa muku komai.

Neman ganin wani likita abu ne da su kansu likitocin suka saba da shi. Suna tura wa juna, suna kiran malamansu a waya su tambaya. Abin da zai iya ɓata masa rai shi ne ya ji labari a bakin wani cewa an kai karen wani wuri a ɓoye. Don haka ta ƙofarsa za ku bi. A kira shi a ce: Dokta, idon daman nan ya rufe kwana uku, hankalinmu ya tashi, muna so a auna hawayen a kuma duba miki, kana da kayan aikin ko za ka tura mu inda suke da shi? Wannan tambayar ta bar masa girmansa, ta kuma sa shi cikin tafiyar. In ya ce zai nemo, takardar iri ɗaya ce da wadda asibitocin idon mutane ke amfani da ita, zai iya tambayar masu sayar da kayan asibitin ido. Amma a sa rana, gobe ko jibi. In ya ce ku je wani wuri, a roƙe shi ya rubuta 'yar takarda ta abin da ya bayar da lokacin da ya bayar. In kuma ya ce ba buƙata, a yi masa godiya, a sanar da shi cewa za ku gwada asibiti don hankali ya kwanta, ku tafi. Kun fita haƙƙinsa.

Maigida kuwa, kada ki ɗauki maganarsa a matsayin rashin tausayi. Abu biyu yake karewa, zumuncin shekaru da kuma kuɗin cefane, kuma dukansu abin karewa ne. Kada ki tare shi da cewa abokinsa bai iya aiki ba, nan take zai kafe. Ki kira shi da safe kafin ki goge idon, ya durƙusa ya gani da idonsa yadda kwantsar ta liƙe fatar, da yadda karen ke kau da kai daga haske. Sannan ki ce masa shi kike so ya kira Dokta, tunda abokinsa ne, magana tsakaninsu ta fi sauƙi. Ki tattaro kwalabe da bututun man da aka saya cikin wata huɗun nan ku lissafa tare, zai ga an riga an kashe kuɗi ba tare da an san me ake magancewa ba. Batun kare ne kuma, gaskiya ne kare ne, ba wanda ya ce a fifita shi a kan yara. Amma ku kuka ajiye shi, yana muku gadi, ba shi da bakin da zai ce idona na ciwo. Dabbar da ke ƙarƙashin mutum amana ce, kuma maigida ya san hadisin mutumin da Allah ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Ki tuna masa da shi cikin lallashi, sau ɗaya ya isa.

In aka zo neman wuri, ki fara da asibitocin dabbobi na cikin Kaduna da suka saba da karnuka da kyanwoyi. Kafin ki hau mota ki kira ki tambaya ko suna da takardar Schirmer da rinin duba miki. Amsar da za a ba ki ita za ta nuna miki ko wurin zuwa ne. Ki kuma tabbatar likita ne mai rajista da hukumar likitocin dabbobi ta Najeriya, domin ba duk mai shagon maganin dabbobi da ake kira dokta ne ya yi karatun ba. In ba a dace a gari ba, asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello yana Samaru, Zariya, tafiyar kusan kilomita 80 daga Kaduna. Masu karatu da ke wasu wurare, akwai irinsa a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato da Jami'ar Maiduguri. Ranar tafiya ki ɗauki hoton idon da waya tun da safe, kada ki ɗiga komai sa'o'i kaɗan kafin a duba don kada awon ya yi ƙarya, ki zuba duk magungunan a leda har da waɗanda suka ƙare, da katin rigakafinsa in akwai.

Ga abin da za ki iya ji a can, don kada ya zo miki ba zato. In akwai miki, shi za a fara kamawa, da ɗigon kashe ƙwayoyin cuta sau da yawa a rana, da maganin ciwo, da kwalar roba da za a sa masa a wuya don ya daina kai ƙafa. Miki mai zurfi kan buƙaci tiyata. Ga bushewar kanta, maganin da ake dogaro da shi tun ƙarshen shekarun 1980 shi ne saiklosporin, wanda ke dakatar da garkuwar jiki daga cin maɓuɓɓugar har ta koma aiki. Wanda aka yi don karnuka man ido ne mai suna Optimmune, ana shafawa sau biyu a rana. In bai yi ba, akan koma wanda aka haɗa da ƙarfi fiye da haka, ko a gwada takrolimus. Akwai takrolimus na shafawa a fata a kemis, kada ki saya ki sa a ido da kanki. In jijiya ce ta lalace, pilokarpin ake bayarwa. In duk an gwada ba nasara, akwai tiyatar da ƙwararru ke yi, a karkato bututun yawu zuwa ido ya riƙa jiƙa shi, amma wannan matakin ƙarshe ne, kuma ku ba ku kai nan ba tukuna.

Gaskiyar da nake so ku ji ku biyu tun yanzu ita ce maganin ba ya nuna aikinsa cikin mako ɗaya. Yakan ɗauki mako 4 zuwa 8, wani lokaci har wata uku. Kuma a yawancin karnuka na har abada ne, in an daina bushewar ta dawo. Ba kowane shago ke da shi ba, kuma yana da tsada. Don haka ku faɗa wa likitan abin da za ku iya ɗauka duk wata, ba kunya a ciki, ya tsara muku a kan haka. Ya fi a saya wata ɗaya a bari wata biyu. In ta kai ga saiklosporin ya gagara gaba ɗaya, to a ƙalla an warkar da mikin, an san lambar hawayen, kuma za a nuna miki yadda za ki riƙe idon da jiƙawa a kai a kai. Wannan ma yana rage masa wahala ƙwarai.

Kafin a kai ga likita, ga abin da ke hannunki. Ɗigon jiƙa ido sau biyu a rana ya yi kaɗan ga idon da ba ya hawaye, domin ɗigo mai ruwa-ruwa ba ya daɗewa. Ki riƙa sa masa duk bayan awa biyu zuwa uku da rana, in kin samu mai kauri irin na jel ya fi zama, shi za ki sa kafin ya kwanta. Ki goge kwantsa da auduga da ruwan dirif ko ruwan da aka tafasa ya huce, daga kusurwar hanci zuwa waje, auduga daban ga kowane ido, ba tare da danna ƙwayar ba. Gashin da ke faɗowa kan idon a ɗaure shi sama ko a rage shi da almakashi mai dakusasshen baki. Kwalli, zuma, ruwan ganye, duk wanda aka kawo miki ki karɓa da godiya ki ajiye. A lokacin hunturu ki sama masa wurin kwana da iska da ƙura ba sa bugawa, kuma kada a ɗaure shi kusa da hayaƙin murhu ko na janareta. Ki wanke hannu kafin da bayan kowane sa magani, yara kuma su bar miki wannan aikin. In kin ga idon ya yi fari ko shuɗi-shuɗi, ko wani ɗan rami ya bayyana a ƙwayar, ko ruwa ya ɓalle masa farat ɗaya, wannan na ranar ne, ba a kwana da shi.

Mai yiwuwa likita na biyu ya faɗi abin da ya saɓa wa na Dokta, mai yiwuwa kuma ya tabbatar da shi ya ƙara magani kawai. Ko wanne ne, kada ki haɗa magungunan mutum biyu a ido ɗaya. Ku zaɓi wanda zai riƙe maganar idon, Dokta kuma ya ci gaba da rigakafi da sauran abin da ya saba yi muku. A kai masa sakamakon ya gani da hannun maigida, zai iya ma zama shi ne mai maimaita awon a gida in ya samu takardar. Ki nemi ɗan littafi ki rubuta lambar kowane ido da kwanan wata. Bayan mako huɗu da fara magani a sake aunawa, ranar kuma ki shafa masa saiklosporin ɗinsa kamar kullum sai dai in likita ya ce akasin haka. Ko kin ga idon ya washe kwantsa ta ɗauke, kada ki rage ko ki daina sai an auna an ce miki. Allah ya ba shi sauƙi, ya kuma bar zumuncin gidajenku. In kin samu lambobin, ki rubuto mu duba su tare.